Tausayi da Abin da Zai Yiwu: Amsa Ga Mai Son Gina Gidan Marayu

Wata matashiya ce da ba ta daɗe da gama karatu ba ta aiko da tambaya. Ta ce halin da yaran da yaƙi ya raba da gidajensu ke ciki ya hana ta barci, har ita da ƙawayenta sun fara tara kuɗi domin su buɗe gidan marayu. Sai wani dattijo da ya tsufa a aikin agaji ya ce mata mafarki take yi, yaran nan sun fi ƙarfin kowa, duniya kuma ba ta gyaruwa, don haka ta nemi ɗan abin da zai yiwu ta yi, ko ta haƙura. Shi ne take tambaya: tsakanin mai dogon buri da mai duban zahiri, wa ke da gaskiya?

Ƙanwata, ga amsata tun kafin in yi nisa. Kada ki gina gidan marayun nan. Kuma kada ki yarda da dattijon cewa yaran sun fi ƙarfin kowa. Ya faɗi gaskiya a kan ginin, amma ya kuskure a kan yaran. Na shafe shekaru ina aiki a sansanonin 'yan gudun hijira da cibiyoyin kula da masu tamowa, na kuma zauna da irinku da irinsa. Na ga yaran da tausayi marar lissafi ya cutar, na ga waɗanda aka bari suka mutu don wani mai lissafi ya ce ba za a iya ba. Abin da na koya, wanda shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa miki, shi ne taimakon da ke ɗorewa shi ne wanda ke ƙara wa hannun da ke riƙe da yaron ƙarfi, wato uwarsa, kakarsa, yayarsa, ko maƙwabciyar da ta tsince shi a hanya. Taimakon da ya janye yaron daga wannan hannu kuwa, komai kyawun niyyar mai shi, yawanci ɓarna yake bari a baya.

Mu fara da abin da ke kashe yaro a yaƙi, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya kan fara ɓatan kai. Abin da ke zuwa wa mutum a rai bam ne da harsashi, kuma suna kisa, babu ja. Sai dai mafi yawan yaran da yaƙi ke ci, gudawa ce ke kashe su, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon haƙarƙari, tamowa kuma ita ke buɗe wa dukkansu ƙofa. Yaƙi kan rufe asibiti, ya kori mai allurar rigakafi, ya lalata wurin ɗibar ruwa, ya hana noma, sannan cuta ta ƙarasa masa aikin. Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin Yaman ya ci rayuka 377,000, kusan kashi 60 cikin 100 kuma ba makami ne ya taɓa su ba, yunwa ce da cuta da rashin ruwa mai tsabta, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka fi yawa a cikin mamatan. A watan Yulin 1994, bayan kisan ƙare-dangin da aka yi a Ruwanda, mutane wajen 850,000 suka kwararo daga can zuwa garin Goma na ƙasar da ake kira Zayar a lokacin. Kwalara da atuni suka kashe kimanin 50,000 cikin wata guda. Ƙasar wurin dutse ce, ba ta haƙuwa, aka rasa inda za a tona masai, ruwan tafkin da kowa ke sha kuma ya gurɓace. Kunyar abin da ya faru a Goma na cikin abin da ya sa ƙungiyoyin agaji suka haɗu a 1997 suka kafa mizanin da ake kira Sphere: aƙalla lita 15 ta ruwa ga kowane mutum a rana, masai ɗaya kada ya wuce na mutum 20. Babu mai bayar da gudummawar da zuciyarsa ke karyewa don an nuna masa hoton masai, amma masai ya tsirar da yaran da gidajen marayu ba su tsirar ba.

Yanzu ga ginin naki. Zan daɗe a nan, domin shi ne abin da ke gabanki.

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna kusan 8 cikin 10 na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye, sauran ma yawancinsu suna da dangi. Talauci ne ya kai su, ba mutuwa ba. Wannan na gani da idona. An taɓa buɗe wata cibiya kusa da sansanin da nake aiki, ga abinci sau uku, ga katifa, ga makaranta. Kullum gari ya waye sai a tarar da sabbin yara a bakin ƙofa, kowanne yana cewa iyayensa sun rasu. Da muka zauna tantancewa, ashe iyayen suna nan cikin sansanin, su ne ke kawo su da asuba, su koya musu abin da za su faɗa. Na sami ɗaya daga cikin iyayen, ta gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa a wurinta ɗanta sau ɗaya yake ci a rana, a can kuwa sau uku, ta tambaye ni in da ni ne me zan yi. Ban sami abin ce mata ba. Uwa ce da ta yi lissafi daidai da abin da aka ajiye a gabanta. Masu cibiyar ne suka mayar da rabuwa da ɗa hanyar ciyar da shi. Da abincin nan sau uku bukkarta aka kai, da yaron ya ci, ƙannensa sun ci, kuma ya kwana a jikin uwarsa.

Haka abin yake a ko'ina: inda aka gina gidan marayu, sai marayu su samu. A Kambodiya yawan irin waɗannan gidaje ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 tsakanin 2005 da 2010, shekaru da dama bayan yaƙi ya ƙare, saboda baƙi masu yawon buɗe ido suna zuwa suna ba da kuɗi, wasu kuma suka mayar da abin sana'a. A watan Oktoban 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeshe na Chadi suna shirin ɗora yara 103 a jirgi, suna cewa marayun Darfur ne. Da aka bincika, mafi yawansu 'yan Chadi ne, kuma suna da iyaye ko dangin da suke zaune da su. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010 ma an tare wasu Amurkawa 10 a kan iyaka da yara 33, da yawansu iyayensu na raye. Na yi imani cewa wasu daga cikin waɗannan mutane sun gaskata a ransu ceto suke yi. Abin da ya sa labarinsu ke ba ni tsoro ke nan, domin ba sai mutum ya zama mugu zai raba uwa da ɗanta ba.

To a ce ma gidan na gaskiya ne, masu shi kuma mutanen kirki. Har yanzu da sauran magana. Ƙaramin yaro ba abinci da tufa kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar mutum ɗaya da ya san kukansa, wanda yau shi ne, gobe ma shi ne. Ma'aikaciyar da ke kula da yara goma sha, ta tashi aiki wata ta karɓa, ba za ta iya zame masa wannan ba komai tausayinta. A Romaniya, bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989, an tarar da dubun-dubatar yara a gidajen gwamnati. Daga shekarar 2000 masana suka bi rayuwar yara 136 a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama a gidajen. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi sauran kaifin fahimta da iya magana da shaƙuwa da mutane, waɗanda aka fitar kafin su cika shekara 2 kuma su ne suka fi farfaɗowa. Ga kuma tsada: kuɗin riƙe yaro ɗaya a gidan marayu zai tallafi yara da yawa a cikin danginsu. Sannan ki tuna yaron zai girma. Ranar da ya kai shekara 18 aka sallame shi, ba shi da gonar gado, ba shi da kawun da zai tsaya masa, wani ma harshen iyayensa ya ɓace masa. Shi ya sa ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 suka ce talauci kaɗai ba hujja ba ce ta raba yaro da iyayensa. Ko a addini, falalar da aka ambata ta mai ɗaukar nauyin maraya ce, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa maraya ne da ya tashi a hannun kakansa, daga baya baffansa, cikin gida, cikin dangi.

Ba a gidan marayu kaɗai garin neman gira ake rasa ido ba. A 1992 wani sanatan Amurka, Tom Harkin, ya gabatar da ƙudirin hana shigo da kayan da aka sa yara aikinsu. Niyya mai kyau ce. Ƙudirin bai ma zama doka ba, amma tsoronsa ya sa masaƙun Bangaladash suka sallami yara kimanin 50,000. Da aka bi sawunsu, da yawa ba makaranta suka tafi ba, fasa dutse suka koma da yawon titi, wasu 'yan matan ma abin da ya fi haka muni, domin yunwar da ta kai su masaƙa tana nan a gida. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sai a 1995 aka ƙulla yarjejeniyar da ta tanadar wa yaran makaranta da ɗan tallafin wata.

Zuwa nan dattijonki zai gyaɗa kai. To yanzu a juyo kansa.

Duk wani babban ci gaba da aka samu wajen tsirar da yara, sai da masu duban zahiri na zamanin suka ce ba zai yiwu ba. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Eglantyne Jebb ta tsaya a dandalin Trafalgar na Landan tana raba takardu masu hoton yaran Ostiriya da yunwa ta ƙanjamar. Aka kama ta, aka ci ta tarar fam 5. Mutanen ƙasarta suna ganin 'ya'yan abokan gaba ne, me ya kai ta. Ita da 'yar'uwarta Dorothy Buxton suka kafa Save the Children a wannan shekara, kuma ita ta rubuta sanarwar haƙƙin yara da Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci ta amince da ita a 1924, wadda ta zama tushen yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989. A wajajen shekarar 2000 maganin rage kaifin ƙanjamau yana cin sama da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, manyan masana kuma suna cewa a ƙasashe matalauta a tsaya ga rigakafi kawai, masu cutar a bar su. Likita Paul Farmer da abokan aikinsa suka ƙi, suka fara ba da maganin a ƙauyukan Haiti ta hannun ma'aikatan lafiya 'yan ƙauyen, suka nuna talaka na iya shan magani a kan lokaci. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da shi dala 350 a shekara. Yau mutane kimanin miliyan 30 ke shan maganin, jarirai miliyoyi kuma an haife su ba tare da cutar ba. Lissafin masanan bai yi ƙarya ba a kan farashin ranar. Kuskurensu shi ne sun ɗauki farashin kamar dutse ne da ba ya motsi, alhali mutane ne suka yanka shi.

Ga alƙaluman da nake so ki riƙe duk ranar da wani ya ce miki duniya ba ta gyaruwa. A 1990 yara sama da miliyan 12 ne suka mutu kafin su cika shekara 5. A 2022 adadin bai kai miliyan 5 ba, duk da yaƙe-yaƙen da aka yi a tsakani. Miliyan 5 ɗin ma abin kuka ne. Amma wanda ya ce ba a iya komai, bai duba littafin ba.

In kina son ganin mutumin da ya haɗa buri da zahiri, ki dubi James Grant, wanda ya shugabanci UNICEF daga 1980 zuwa 1995. A 1978 ƙasashen duniya sun taru a birnin Alma-Ata na Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci sun yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Alkawari ne mai girma, amma babu wanda ya san ta ina za a kama shi. Grant ya zaɓi abubuwa huɗu masu araha: auna girman yaro, ruwan gishiri da sukari, shayar da nono, da allurar rigakafi. Masu aƙidar Alma-Ata suka zarge shi da rage buri, masu lissafi kuma suka ce ko hakan ma ya yi yawa. Cikin shekara 10 yawan yaran da ake yi wa rigakafi a duniya ya tashi daga kimanin kashi 20 zuwa kusan 80 cikin 100. A 1985, ana tsakiyar yaƙin basasar El Salbado, da taimakon Cocin Katolika aka shawo kan gwamnati da 'yan tawaye suka ajiye bindiga na kwana uku a watanni daban-daban, aka yi wa yara wajen 250,000 rigakafi, aka kuma ci gaba da haka shekara-shekara. Bai tsayar da yaƙin ba, bai ma yi da'awar zai tsayar ba. Kwana uku ya roƙa, kwana uku ya samu. Irin wannan aka yi a Sudan daga 1989, irinsa kuma aka yi a Zirin Gaza a Satumbar 2024, inda aka ɗiga wa yara kimanin 560,000 maganin shan-inna cikin 'yan sa'o'in da aka tsagaita wuta.

Ki lura da inda abubuwan da suka fi aiki suke ƙarewa: a hannun uwa. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin Bangaon da ke Indiya, ruwan ƙarin da ake sa wa a jijiya ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya haɗa gishiri da sukari a manyan durom, ya ce dangin majinyata su riƙa ba su suna sha. Wasu likitoci sun ga abin kamar sakaci ne a bar jinya a hannun waɗanda ba su yi karatun likita ba. Mace-mace ta sauko daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da 4 cikin 100. Daga baya ƙungiyar agaji ta BRAC a Bangaladash ta bi gida-gida ta koya wa mata sama da miliyan 12 yadda ake haɗa ruwan da abin da ke cikin gida. Haka tamowa. A da sai an kwantar da yaro kusan wata guda ana ba shi madarar da ake damawa da ruwa mai tsabta, uwa ta bar sauran 'ya'yanta da sana'arta ta zauna jinya, don haka da yawa ba sa zuwa, waɗanda suka zo ma su gudu kafin a sallame su. A 1996 wani likitan Faransa, André Briend, ya samar da kwaɓin gyaɗar nan na masu tamowa mai suna Plumpy'Nut, wanda ba a sa masa ruwa, saboda haka ƙwayar cuta ba ta hayayyafa a ciki. Likita Steve Collins da abokansa suka gwada a Habasha da Malawi a bai wa uwa ta tafi da shi gida, ta dawo awo mako-mako, a kwantar da wanda ciwo ya haɗe masa kawai. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin. Yau har iyaye mata ake koya wa awon damtse da ɗan zaren nan mai launi uku: in ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, a garzaya da yaro. Ko ba da kuɗi a hannu, wanda aka daɗe ana cewa talaka zai ɓarnatar, Meziko ta fara a 1997, Birazil ta biyo a 2003, kuma nazarin da masanan Bankin Duniya suka yi a 2014 bai ga ƙarin sayen giya ko taba ba a gidajen da aka tallafa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wuraren da babu tsabtatacciyar hanya, kuma a nan nake tausaya wa dattijonki, domin na san abin da ya gajiyar da shi. Kafin ka kai abinci ga yara a yankin 'yan bindiga sai ka zauna da mutumin da ka san hannunsa da jini, ka gaishe shi, ka roƙe shi hanya. A sansanonin Goma ɗin nan, waɗanda suka jagoranci kisan ƙare-dangin Ruwanda ne suka kama ragamar rabon abinci, suna sake shiri da shi. Reshen Faransa na ƙungiyar likitocin MSF ya janye a ƙarshen 1994, ya ce ba zai ciyar da makasa ba. Wasu ƙungiyoyin suka zauna, suka ce yaran da ke sansanin ba su kashe kowa ba. Har yau ban iya cewa ga wanda ya yi daidai ba, kuma ba na yarda da wanda ya ce amsar mai sauƙi ce. Ni kaina akwai lokacin da kayan tamowa suka yi mana ƙaranci, muka yanke cewa masu ja kaɗai za mu ɗauka. Uwa ta yi tafiyar wuni, awon ɗanta ya nuna ruwan ɗorawa, wato tamowar ba ta kai ja ba tukuna, ka ce ta koma gida, kana sane cewa bayan makonni zai dawo da ja, in ya dawo. Tun da Amurka ta rushe hukumarta ta agaji USAID a 2025, wasu ƙasashen ma suka rage tallafi, irin wannan zaɓi ya ƙara yawa a hannun ma'aikata. Wannan shi ne zahiri, kuma wanda ya ƙi zaɓa don kada ya ɓata hannunsa, yara ne za su biya. Amma akwai abin da na dage a kai: duk yaron da muka mayar sai mun rubuta shi. Sunansa, awonsa, ranar. Mu aika wa masu ba da kuɗi, mu dame su, mu sake aikawa. Zaɓen wanda za a fara ceta larura ce. Daina ƙirga waɗanda aka bari kuwa, daga nan ne mutum ke fara cewa sun fi ƙarfin kowa, kuma a nan na rabu da dattijonki.

Ɗan taƙaitaccen misali daga yaran da aka sa ɗaukar makami. A Saliyo an sallami yara kusan 7,000 daga ƙungiyoyin mayaƙa, amma 'yan mata ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, duk da yawansu a daji, saboda a aikace wanda ya miƙa bindiga ake rubutawa, su kuwa an riƙe su ne a matsayin masu girki da matan dole. A Laberiya an ba yaran da aka sallama dala 300, kwamandoji suka bi suka karɓe rabo, maƙwabta kuma suka ga kamar an saka wa wanda ya yi ɓarna. Shi ya sa ƙa'idojin Paris na 2007 suka ce a tallafi yaran unguwa gaba ɗaya, kada a ware tsohon mayaƙi da kyauta. Binciken da masaniya Theresa Betancourt ta fara a Saliyo a 2002, ta bi yaran har suka girma, ya nuna waɗanda dangi da jama'a suka karɓa, suka kuma koma makaranta, su ne suka fi warwarewa. Nan ma maganar ta koma ga gida.

To me za ki yi da kuɗin da kuka tara, da zuciyar da ke hana ki barci? Ki fara da koyo. Ki ba da shekara guda kina aiki a ƙarƙashin waɗanda suka riga ki, ko da rubuta sunaye ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki zauna da iyaye mata da kakanni, ki tambaye su me zai sa yaro ya ci gaba da zama a hannunsu, ki kuma saurari yaran su kansu. Sau da yawa amsar ƙarama ce: kuɗin makaranta, jarin sana'a, rufin ɗaki, takardar haihuwar da ta ƙone. Yaron da da gaske ba a ga kowa nasa ba, a nemo masa iyalin da za su riƙe shi, a tantance su, a tallafa musu, kada kuma a raba shi da 'yan'uwansa. Kada ki ɗauka shiga cikin iyali shi ne ƙarshen aiki, domin akwai gidan da ake bautar da ɗan riƙo, akwai inda ake lalata da shi, don haka ziyara a kai a kai wajibi ce, da ganawa da yaron shi kaɗai. In har sai an buɗe wurin kwana, ya zama ƙarami, na wucin gadi, da ranar rufewa tun ranar buɗewa. Kada ki yaɗa hoton yaro cikin ƙasƙanci don neman gudummawa, zai girma ya gani. Kuma kafin ki ɗauki nauyin yaro ɗaya, ki tambayi kanki wa zai ci gaba in kuɗin ya yanke a shekara ta uku, domin yaron da aka saba masa sannan aka watsar, an sake mayar da shi maraya.

Dattijon nan kuma kada ki yi fushi da shi. Ki koma wurinsa, ki bar gardamar ko duniya na gyaruwa, ki ce ya koya miki aikin neman dangi. Bayan kisan Ruwanda, ƙungiyar Red Cross ta duniya da abokan aikinta sun yi rajistar yara sama da 100,000 da suka rabu da iyayensu, suka kuma mayar da dubun-dubata hannun danginsu ta hanyar takarda da hoto da sanarwar rediyo da tafiyar ƙafa. Zai nuna miki yadda ake tambayar ɗan shekara 4 ba tare da an firgita shi ba, yadda ake rubuta sunan da ake kiransa da shi a gida ban da na yanka, da wanda ya tsince shi, da daidai wurin, da ranar. Zai kuma ce miki jaririn da bai iya magana ba, kada a yar da rigar da aka same shi da ita, ko zanen goyonsa, ko abin da ke wuyansa, komai dauɗarsu. A ɗauki hotonsu, a sa a leda, a rubuta lambarsa a jiki. Bayan shekara biyu kamannin yaro sun canza, amma uwa ba ta manta zanen da ta goya shi da shi ranar da suka rabu.